Zauren Uwargida: Hoton Gida da Kyautar Maƙwabta

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu karatu. Yawancin wasiƙun wannan wata daga nan Legas suka fito, kuma kan abu biyu suka karkata: ɗaukar iyali hoto da waya, da ɗan aikin hannu da mace za ta haɗa ta miƙa wa maƙwabta idan biki ya zagayo. Na zaɓi huɗu, na ɗan taƙaita su.

TAMBAYA: Anti, ina wuni? Na ga wasu mata a Instagram suna ɗaukar iyalinsu hoto ɗaya kowace rana har shekara ta zagayo, abin ya burge ni ƙwarai. Sai dai mu ciki da falo muke haya, danshi ya ɓamɓare fentin bango, kicin da banɗaki na tarayya ne. Maigida ya ce in bari sai mun gama gininmu na Funtuwa mun tare, lokacin ne za a sami abin ɗauka. To ni me zan ɗauka a nan? — Maman Biyu, Idi-Araba.

AMSA: Lafiya lau, ƙanwata. Allah ya kammala muku ginin nan cikin sauƙi, ya sa ku shiga da ƙafar dama. Amma ki faɗa wa maigida, cikin ladabi, Anti ta ce kada a jira. Kafin a yi rufi a kafa ƙyaure a Funtuwa, tagwayenki sun bar rarrafe, sun yi haƙora, sun shiga makaranta, kuma duk a wannan ɗaki mai ɓamɓararren fenti za su yi. Ku iyaye ne kuke da Funtuwa. Su dai, ya zuwa yanzu, Idi-Araba suka sani, nan ne garinsu.

Wannan “sai mun koma gida” ta cinye mana tarihin zamanmu a Kurmi. Mutum ya shekara talatin a Ikko, amma har gobe zaman ci-rani yake yi a zuciyarsa. A nan Agege inda nake akwai gidajen da kakanninsu suka zo fataucin goro tun lokacin da jirgin ƙasa ya fara kai-komo tsakanin Ikko da Kano, wajejen 1912. Ki ce jikokin su nuna miki hoton wancan zama, abin da za su ɗauko shi ne dattijo cikin babbar riga a shagon mai hoto, ya dafa kujera. Zauren da ake ɗaure huhun goro, da murhun da aka dafa wa baƙin fatake tuwo, da matan da suka yi tuƙin, ba ko ɗaya.

Ni kaina hoton mahaifiyata guda ɗaya gare ni, na fasfon aikin Hajji, fuska a ɗaure kamar yadda mai hoto ya ce ta yi. Ba haka na san ta ba. Na san ta a kan kujera 'yar tsugunno, faifai a cinya tana tsintar shinkafa, ɗankwali ya zame baya, tana faɗa tana dariya a lokaci guda. Wannan ce nake so jikokinta su gani, kuma ba ni da ita. Shi ya sa tambayarki ta taɓa ni.

Akwai wani mai hoto da ya yi zamansa a nan Legas, J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Tun 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya, a titi, a wurin aiki, a wajen biki, sau da yawa ta ƙeya, har ya tara hotuna kusan dubu. A lokacin kitso abu ne da ido ke gani kullum, ba wanda zai ce a adana shi. Yau hotunan nan suna manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka, kuma mai son sanin yadda iyayenmu suka gyara kai a wancan zamani, wurinsu yake komawa.

Don haka ki fara daga bakin ƙofarki. Takalman gidan nan a jere, na maigida ƙato, na tagwaye kamar a sa a aljihu. Jarkoki da bokitai a layin famfo da sassafe. Maigida yana shan shayi a tsaye bayan sallar Asuba don ya riga cunkoso fita. Yara sun yi dumu-dumu da koko. Ranar da aka ɗauke wuta kuka taru a gindin fitilar caji. Ruwan farko na shekara yana zuba daga indararo, an tara baho. Bangon nan ma ki bar shi ya fito, kada ki riƙa kauce masa. Wata rana a cikin sabon gida za ki nuna musu shi ki ce daga nan Allah ya ɗago mu.

Wajen ɗauka kuwa, abu kaɗan ke gyara hoto. Ki goge gilashin kyamara da gefen mayafi kafin ki danna, domin wayar uwargida ba ta rabuwa da maiƙo, kuma yawancin hazon da kike gani a hoto daga nan yake. Ki ba taga baya, haskenta ya sauka a fuskar yaro. Idan shi ya ba taga baya, baƙin inuwa kawai za ki samu. Fitilar kyamara ki kashe ta, hasken safiya da na la'asar sun fi ta kyau nesa ba kusa ba. Kada ki zuƙo hoto da yatsa, ki taka ki matsa. Sannan ki durƙusa daidai tsayin yaro, don hoton da aka ɗauka daga sama kai kawai yake nunawa. Abin da na fi so ki riƙe shi ne kada ki ce “ku tsaya, ku yi murmushi.” Da kin faɗi haka abin da kike son kamawa ya wuce.

Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa rubuta layi guda: kwanan wata, da abin da ya faru. “Yau Hassan ya ce ruwa.” Ya isa. Kuma duk farkon wata ki tsayar da su a jikin ƙofa ɗaya, wuri ɗaya, ki ɗauka. Bayan shekara ki jera goma sha biyun ki ga ikon Allah. Ranar da hidima ta sha kanki ba ki ɗauka ba, ki ci gaba washegari, ba bashi ba ne.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Albasa nake sayarwa a Mile 12. An zare mini waya a motar haya a hanyar Oshodi. Ba kuɗinta ke damuna ba, hotunan mahaifina da ya rasu bara suna ciki, da na sunan 'yata. Akwai yadda za a yi? Kuma ta yaya zan kiyaye gaba? — Baban Nana, Mile 12.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma, ya mayar maka da mafi alheri. Malam, kada ka yanke ƙauna tukuna. Fara zuwa ofishin kamfanin layinka da lambar NIN a dawo maka da lambarka. Da ita za ka iya sake buɗe adireshinka na Gmail ko da ka manta kalmar sirri, matuƙar da lambar aka yi rajistarsa. In ka shiga, buɗe Google Photos. Mutane da yawa wayarsu tana tura hotuna can ba tare da sun sani ba, domin wanda ya saita musu ita ya kunna tun ranar farko. In ka tarar babu, bi dangi ɗaya bayan ɗaya. Duk hoton da ka taɓa tura wa wani a WhatsApp, mai yiwuwa yana nan a wayarsa. Ka roƙi kowa ya turo abin da yake da shi na Baba, har da saƙon murya. Muryar ma ka adana ta.

Nan gaba, kowane hoto mai muhimmanci ya zauna a wuri uku: a waya, a intanet, da a takarda. Google yana ba kowane adireshi gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa. Idan hoto ɗaya ya ci megabait 3, hoto ɗaya kullum na shekara guda ya ɗan haura gigabait 1 ne kawai, ka ga wurin zai daɗe. Bidiyo ne ke cinye shi, da tarkacen da ake turowa a guruf, sai ka riƙa share su. Ka rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda ka ba uwargida ta ajiye, kuma ka riƙa leƙawa, don Google na iya rufe adireshin da aka shekara biyu ba a taɓa ba. Wani abu kuma: WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. Wanda kake son a wanke, ka tura shi a matsayin fayil, zai isa yadda yake. Duk inda za ka kai waya gyara, kwashe hotunanka tukuna.

Sai wankin hoto, wanda mutane suka watsar. Duk wata uku ka zaɓi goma ko ashirin ka kai a wanke maka, girman inci 4 da 6. Ka aika wa Inna nata ta hannun direbobin da ke kawo muku kaya daga Arewa. Tsohuwa ta fi son abin da za ta riƙe a hannu ta nuna wa masu shigowa gaisuwa. Naka kuwa ka kula da danshin Legas, don a Sakkwato hoto zai shekara ashirin a ƙarƙashin katifa lafiya lau, a nan damina ɗaya ta isa ta manne shi da ledar albam ta sa masa fumfuna. Ka zuba su a roba mai murfi, ka jefa 'yan ƙunshin farar tsakuwar nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, suna shanye laima. Ka ɗora robar saman wadirof, nesa da ƙasa saboda ambaliya, nesa da hannun yara saboda tsakuwar. A bayan kowane hoto ka rubuta suna da shekara da fensir, a hankali.

TAMBAYA: Anti, surukata ta zo mana jinya daga Gumel. Ina son in ɗauke ta da jikokinta, amma da ta ga waya sai ta rufe fuska. In ɗauka a ɓoye? — Amarya, Obalende.

AMSA: A'a, 'yata, kada ki yi. Malamai sun yi saɓani kan hoto, kuma dattawa da yawa sun tashi a kan ƙinsa. Ki girmama mata wannan. Ki sa ɗanta ya yi mata magana, ya ce na jikoki ne, ba inda za a kai shi. In ta ƙi, ki nemi izinin ɗaukar hannunta riƙe da na jikan, ko carbinta a kan darduma. Da yawa sukan yarda da wannan. In shi ma ta ƙi, ki bar ta, ki samu ta yi wa yaran tatsuniya.

Tunda an zo nan, bari in ƙara da abin da ke ci mini rai. Ɗauka daban, bazawa a duniya daban. Hoton yaro yana wanka, ko sanye da rigar makaranta mai tambari a ƙirji, ko mai nuna lambar gida, ba na sitatus ba ne. Sitatus yana gogewa bayan awa 24, amma wanda ya kwafe ya kwafe. Ki shiga saitin kyamara ki kashe abin da ke liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi. 'Ya'yan maƙwabta kuwa, sai da sanin uwarsu.

TAMBAYA: Anti, gidanmu ɗaki takwas ne, akwai Yarbawa, akwai Ibo, mu biyu ne Hausawa. Duk Disamba maƙwabciyata Kirista takan kawo mini ɗanyar shinkafa da kaza da ranta, ta ce maigida ya yanka da kansa. Wata dattijuwa Bayarabiya kuma ba ta taɓa mance ni da naman layya ba. Ina jin nauyi. Kuɗi ba su da yawa, amma ina ɗinki da saƙar kwarashi. Me zan yi musu? Ina kuma tsoron kada su zargi abin hannu da wani nufi. — Maman Zahra, Agege.

AMSA: Allah ya yi wa maƙwabtan nan naki albarka. Matar da ta kawo kaza da rai ta zauna ta yi tunanin addininki kafin ta yi kyautar, irinta ba a sake da ita.

Batun ƙanƙantar kyauta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya raba gardama: ya hori mata musulmi kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, ko da ƙofaton akuya ne. Ya ce wa Abu Zarri in ya yi miya ya ƙara ruwa ya tuna da maƙwabta. Da Nana A'isha ta tambaya wa za ta fara ba cikin maƙwabta biyu, ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa. Ba a ce sai musulmi ba. Abdullahi ɗan Amru, da aka yanka akuya a gidansa, tambayar da ya yi ita ce ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Idan zuciyarki ba ta natsu ki kai kyauta ranar bikinsu ba, ki kai mako guda kafin nan, da sunan hunturu ko sabuwar shekara.

Shawarata ita ce ki bi yanayin gari, ki ba mutum abin da zai yi amfani da shi a satin. Yanzu ɗauki damina. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya ɗaga ƙafa a Legas, ya ɗan huta a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Duk tsawon lokacin nan barandar gidan haya cikin caɓi take, kowace mace tana fama da sawun taɓo a ɗakinta. To ki yi musu abin goge ƙafa. Ƙyallayen da suka rage miki a ɗinki, da waɗanda telolin unguwa ke sharewa su zubar, su ne kayan aikin. Ki yanka su dogo-dogo, faɗin yatsa uku, ki haɗa bakinsu a keke su yi tsawo. Ki ɗauki uku ki kitsa kamar kalaba, kina ja da ƙarfi don kada ta saki. Sai ki fara naɗe kitson daga tsakiya yana zagaya kansa, kina kama kowane zagaye da na kusa da shi da basilla da zare mai ƙwari. In ya kai faɗin babban faranti, ki yanko buhun shinkafa ki ɗinke a ƙasa don ruwa. Ki cakuɗa atamfa mai duhu da mai haske, ta fi ɓoye datti. Daga buhun nan kuma za ki fitar da jakar littattafai ta 'yan makaranta, ki yi mata baki da ƙyalle. Uwar da littafin ɗanta ya taɓa jiƙewa ta san darajarta.

Hunturun Legas bai kai na gida ba, amma yana busar da leɓe da dunduniya, kuma shi ne ya yi daidai da bikin maƙwabciyarki. Ki samo man kaɗe mai kyau, ki sa a kwano, ki ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke. Kada ki aza shi kan wuta kai tsaye, ƙauri yake yi. Kashi biyu na man kaɗe, kashi ɗaya na man kwakwa. Ki bari ya fara daskarewa, sannan ki buga shi da cokali har ya yi fari ya yi laushi, ki zuba a ƙananan robobi wankakku busassu. Ki saƙa wa kowace roba 'yar riga da kwarashi. Yarbawa sun san man kaɗe sarai, suna shafa wa jarirai, ba baƙon abu za ki kai musu ba. Idan zafin Fabrairu da Maris ya shigo kuma, mafici mai bakin ƙyalle ya fi komai karɓuwa ranar da babu wuta.

Na azumi da Sallah sai ki duba inda suka faɗo, domin kowace shekara suna matsowa da kusan kwana 11. Da azumi, murfin jug na kwarashi mai duwatsu a baki don ƙuda, ko 'yar jakar dabino. Da Ƙaramar Sallah, in kin zauna yi wa Zahra lalle ki kira 'yan matan gidan duka, bayan kin tambayi iyayensu. Ban san abin da ke haɗa yara kamar wannan ba. Turaren wuta kyauta ce mai daraja, amma ki fara bincika ko akwai mai asma a ɗakin. Babbar Sallah kuwa, wadda dattijuwarki ke kira Ileya, a 'yan shekarun nan cikin damina take faɗowa, saboda haka ki haƙura da kilishi, ba zai sami ranar bushewa ba. Dambun nama ya fi. Ki dafa da albasa da citta da kanumfari da masoro har ruwan ya tsotse, ki daka, ki soya ya bushe ƙayau, kuma ki bari ya huce sarai kafin ki rufe, in ba haka ba gumi zai lalata shi. Ita ta saba ba ki ɗanye, ke ki mayar mata da sarrafaffe.

Zargin da kike tsoro yana faruwa, ba zan ce miki babu ba, a tsakaninmu Hausawa ma akwai shi. Maganinsa ki yi aikin a fili. Ki fito da kujerarki baranda da la'asar ki yi kitson ƙyallen a idon kowa. Za su tambaya, wata ma za ta ce ki koya mata, ta kawo tsohon zanenta. Ranar bayarwa ki kai da ƙafarki, da rana, ki riƙo hannun Zahra, kuma ki ba kowane ɗaki, kada ki tsallake ko ɗaya, har ɗakin samarin nan da ba sa gaida kowa. In abin ci ne, ki ɗebi kaɗan ki ba 'yarki a gabansu. Wadda ta karɓa da sanyin jiki a karon farko, kada ki riƙe ta a rai, ki sake kai mata a karo na biyu.

Ki bar wa Zahra wani ɓangare na aikin, ko da jera ƙyalle ne launi-launi, ta kuma zama ita ce mai miƙawa. In matan sun yarda, ki ɗauki hoton ranar da kuka baje ƙyallaye a baranda, ki wanke guda takwas, kowane ɗaki ɗaya.

Malama mai tambaya kan wankin hular zanna da kafinta a lokacin damina, wasiƙarki ta iso, amsarki sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.